Muryar Tsohuwa

Babanta ne ya fara kiranta Tsohuwa. Direban babbar mota ne, yana hanya na haihu, don haka da ta kwana tara na ɗauki kukanta a waya na tura masa. Ya kira yana dariya.

"Wannan ai muryar tsohuwa ce mai mura. Sigari take sha a ciki?"

Kukan ba irin na jarirai ba ne. Ƙasa-ƙasa yake, a dishe, kamar ana jan kujera a kan siminti. Ta yi sau biyu, sau uku, sai ta koma barci, harshenta a ɗan waje. Nono ma sai na tashe ta.

A shagon ɗinkin da nake sa maɓalli da guga, ƙarƙashin teburin yanka nake shimfiɗa mata. Kekuna huɗu suna ta ƙara, ita ko motsi.

"Ke kam kin huta," in ji Mai shago. "Nawa saura kaɗan su kurmantar da ni."

Ranar rigakafin farko malamar asibiti ta ce, "Akwai abin da yake damunki game da ita?" Maganar tana bakina. Na waiga na ga layin mata, na ga biron malamar yana jira. Da wane baki zan ce 'yata ba ta iya kuka ba? Sai Mama, surukata, ta amsa mini.

"Lafiyarta ƙalau. Haƙuri ne da ita kamar uwarta."

Na sunkuyar da kai, muka fito.

Tana wata bakwai wuyanta bai tsaya ba, ba ta bin fuskata da ido. Na ɗauke ta ni kaɗai zuwa wajen likitan yara. Yana danna cikinta ta yi kukan nan nata, sai hannunsa ya tsaya.

"Tun yaushe take kuka haka?"

Na kunna masa kukan da na ɗauka a waya. Ya saurara, sannan ya daɗe yana kallon kwanan watan da na ɗauke shi.

Da sakamakon jini ya fito, ya nuna mini gaban wuyansa. Ya ce akwai wani ɗan abu a nan da yake fitar da sinadarin da jiki da ƙwaƙwalwa suke girma da shi, nata bai yi aiki ba tun haihuwa. Shi ya kumbura mata harshe da maƙogwaro, muryar ta dishe. Maganin 'yar ƙwaya ce, a murƙushe a cokali kullum da safe.

"Za ta warke, likita?"

"Jikinta zai farfaɗo. Ƙwaƙwalwa kuwa, abin da ta rasa a watannin nan ba duka yake dawowa ba."

"Laifina ne?"

"A'a, 'yata. Kunnenki ya ji daidai."

Don ya lallashe ni ya faɗa. Da ma bai faɗa ba.

Yanzu kukanta siriri ne, yana danne kekuna huɗu. Mai shago takan ce, "Ɗan fita da ita mana." Ta shekara, har yau sai na tokare ta da filo take zama. Babanta ya daina kiranta Tsohuwa.

Ban goge kukan nan daga waya ba. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. A ƙarshensa ana jin dariyata.