Ɗakin da Maryama Ta Share

Tun da aka tsinci gawar ɗanta Fahad a wani kangon gini a unguwar Rusaifa ta Makka da allura a hannunsa, Maryama ta rantse ɗan da ya rage mata ba zai mutu shi kaɗai ba. Shi ma ɗan, Nawaf, ya kamu da allurar mayen. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kai shi ruƙiyya, duk a banza. Sai ta share ɗakin saman bene ta ce masa, in dai sai ya yi, to ya yi a gabanta.

Shekara goma tana shara a wani asibiti, ta san yadda ake juya mutum kan gefensa in numfashi ya yi nauyi. Ba a jima ba abokansa biyu suka fara hawowa. Lungun ya huta da allurai a ƙasa, amma bakin maƙwabta bai huta ba. Masu tsallake yaran nan a kwance jiya ba ko sannu, yau su ne masu kishin unguwa.

Yayanta Mukhtaru, mai saukar da alhazai a gidan da ke jikin nata, ya zo mata da fuskar tausayi.

"Maryama, halas, ya isa haka. Ba ni shi in kai shi mustashfa, likitoci su duba shi."

"Yaya, iƙamarsa ta mutu, ba shi da takardar zama. Suna gani, sai tarhil, su fitar da shi daga ƙasar."

"Ina da mutum a can. Ɗana ne fa."

Ta yarda, don wa take da shi in ba shi ba? Kwana biyu tana lallashin Nawaf. Da hannunta ta haɗa masa jaka.

Ashe saura wata guda alhazai su sauka, Mukhtaru kuwa ba ya son wari kusa da gidansa. Ko ƙofar asibiti bai nufa ba, hukuma ya miƙa wa yaron. Da ta tare shi, cewa ya yi, "Ai unguwa na duba."

Bayan wata biyar wayarta ta yi ƙara, lambar Nijeriya. Nawaf ne daga Kano, garin da bai taɓa gani ba, Hausar tasa ma a karye.

"Ummi, ban san kowa ba a nan. Jikina ciwo."

Ta zauna a bakin gadonsa, wayar a kunne.

"Ummi, ke kika ce in bi shi."