Na Hannun Hagu

Yayana yana yin kiɗan fim, amma babu fim ɗin. Shi da abokinsa Fara suka kafa ƙungiya, su biyu rak, suka raɗa mata Tauraro Mai Wutsiya. Ba waƙa, ba ganga, sai na'urori masu maɓallai da tulin wayoyi kamar hanjin rediyo. Yaya zai danna maɓalli ɗaya ya riƙe, wani gurnani ya taso daga ƙasa yana kumbura, har ka zaci duniya ce za ta tashi, amma a hankali. Mutane kuwa suna so. Daga ɗakin ajiyar tarkace na bayan gidanmu suka fara, sai ga kiɗansu a rediyo, sai ga shi a tallan mota.

Baba dai bai taɓa yarda sana'a ce ba.

"Janaretan maƙwabta ma yana wannan ƙarar," in ji shi, "kuma shi har wuta yake kawowa."

Yaya yakan yi dariya, amma ni ƙanwarsa na san abin yana cinsa. Ba abin da yake nema a duniya kamar Baba ya yaba masa sau ɗaya.

Ranar da za su yi wasa a tsohon gidan silima da la'asar, da ƙyar na ja Baba. Dokar ƙungiyar ita ce ba a ganin fuska: baƙar riga, hular kwano mai baƙin gilashi, wai kiɗan ne zai yi magana. Ga shi tsawonsu ɗaya.

Aka saki hayaƙi, aka fara. Na hagu yana tsalle, yana ɗaga hannu sama kamar mai kiran ruwa. Fara ke nan, wanda rabin wayoyinsa ma ba a jone suke ba. Na dama ya sunkuya yana murɗa maɓallai, ko ɗagowa ba ya yi, kuma duk abin da ke girgiza kujerunmu daga yatsunsa yake fitowa. Na waiga na ga Baba yana share ido da bakin hannun riga.

Da aka tashi muka zagaya baya. Sun tuɓe huluna, gumi sharkaf. Baba ya dafa kafaɗun Yaya.

"Allah ya yi maka albarka. Kana fitowa na gane ka, ai ɗa ba ya ɓace wa ubansa. Wannan tsallen, wannan kuzarin, kakanka sak." Sai ya rage murya. "Amma na daman nan, ka rabu da shi. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai gyaran agogo, yana cin guminka."

Tausayin Yaya ya kama ni. Na buɗe baki zan gyara zancen, ya take mini ƙafa.

"To, Baba," ya ce. "Zan yi masa magana."