Haihuwa ta Uku

Shekara biyu ke nan da A'i ta jawo jar akuyarta har gidan Ajuma a Dumega, ta ɗaure a turke. Danginta makiyaya ne, wurin kiwo ya ƙuntata, za su yi ƙaura zuwa Benin. Habbanaye ta ba ta, aron nan na Fulani: ki kiwata, 'ya'yan naki ne, in ta yi haihuwa uku mai ita ta zo ta ɗauki abarta.

"Da ƙafata zan zo, ƙawa," in ji A'i.

To fa! Tun daga ranar Ajuma ta bar ƙirga shekara, sai haihuwar akuya. Shekara ashirin suna zama kafaɗa da kafaɗa a kasuwar Kore Mairuwa, ita da fura, A'i da nono. Kewa kam tana cin ta, ba ta ma ɓoyewa.

Akuya ta yi haihuwa biyu, ga cikin na uku, sai ta fara ƙin dusa. Jiki zafi, ƙirji ya kumbura, taku kaɗan sai haki. Ajuma ta kira Luƙman, likitan dabbobi. Ya ɗora abin sauraro a haƙarƙarinta, ya daɗe yana saurare.

"Inna, gyambon ƙafar nan ne ya yi ɓarna. Ƙwayoyin cuta sun bi jini, sun zauna bisa 'yan murafen cikin zuciya. Yanzu ba su ruhewa daidai, jini na komawa baya. Ku yanka tun ba ta zama mushe ba."

"Yanka? Kai ɗan nan, ciki gare ta! Saura wata guda!"

Aka yi allurai, aka yi harawa, har kunu ta dama mata. Ina! Rana ta tara da hantsi akuya ta kasa tashi, Hashim mijin Ajuma ya ɗauko wuƙa. Da aka feɗe, ga wasu gudaji a zuciyar kamar na tuwo, ga 'ya'ya biyu a ciki.

Ajuma ta kira A'i a waya tana kuka.

"Haba ƙawa, kuka don akuya?" in ji A'i. "Habbanaye in ta mutu ba a ramawa. Babu komi tsakaninmu. Kin ma hutasshe ni, tahiyar da nisa."

Babu komi tsakaninmu. Wannan kalma ta fi yankan ciwo.

Ranar kasuwa Ajuma ta kwance 'yar fari ta akuyar, ja kamar uwar, ta damƙa wa wani direba da ya san zangon su A'i.

"Ka ce mata habbanaye ce. In ta yi ukku, da ƙafata zan zo."

Hashim ya yi dariya. "Ke da ba ki taɓa wuce Dogon Dutsi ba?"

Tana tsaye bakin kwalta, ta riga ta fara ƙirga watanni da yatsu.