Hanyar Dokin Baba Mai Amalanke

"Ja a hankali, tela, ba zare ba ne."

Baba Mai Amalanke ke ba ni umarni daga kan tabarma a bakin ɗakinsa, ni kuwa ina tsakar gidansa riƙe da igiyar dokinsa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, fitar da dokin ya dawo wuyana, ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba.

Dokin ya tsufa, sanyin ƙashi ya kumbura masa gwiwoyi. In ya wuni a turke, gaɓoɓinsa su sandare; in ya taka laka, santsi ya kwashe shi. Shi ya sa da damina ta kama Baba ya shimfiɗa masa siririyar hanya ta fasassun bulo da toka, daga rumfar dokin zuwa tudun bayan gida, inda yake ɗan tattaki.

"Kullum ya taka, tela," in ji shi, yana haki. "Ranar da ya kwanta, babu mai tayar da shi."

"Kai fa, Baba? Yaushe za ka tashi ka karɓi kayanka?"

"Ni ai na sauke nawa lodin."

Ya soma dariya, tari ya sarƙe shi. Wasan bai yi mini daɗi ba.

Washegari da hantsi Baba ya cika, ana yayyafi. 'Yarsa ta iso daga gidan mijinta, jama'a suka cika gidan maƙil. Kowa na gudun laka, kowa ya bi ta hanyar doki, don nan kaɗai ƙafa ba ta nutsewa. Wasu ma suka ɗebe bulon suka jera a ƙofar ɗaki don ajiye takalma. Ina kallo zuciyata na tafasa, amma wa zan ce wa ya kauce? Gaisuwa ta kawo su.

Kafin a watse, hanyar ta dagargaje, ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa. Na ja dokin, ya sa kofato ɗaya, ya ji ƙasa na zamewa, ya janye.

"Kawu, ko a sayar da shi?" 'yar ta tambaye ni, idonta jawur.

"Wa zai saya, 'yar nan?"

Na rufe shago na shiga kangayen unguwa neman bulo. Da na turo baro cike, a kwance na sami dokin a rumfa, ya naɗe ƙafafun gaba. Na kira maƙwabta, muka zura masa igiya ta ƙarƙashin ciki, muka ɗaga. Ya yunƙura, Allah ya sani ya yunƙura, sannan ya saki jiki.

Maƙwabta suka wanke hannu suka fice ɗaya bayan ɗaya. 'Yar ta kawo ruwa a kwano, ta durƙusa ta tallafo haɓarsa. Bai sha ba. Numfashinsa kawai ke kaɗa ruwan.