Lasifikar Onarabul

"Kada a sanar da mutuwata da lasifikar nan," in ji Malam Zarami, ladanin masallacin unguwa.

Mamman tela ya ajiye kofin kunun da yake ba shi. Shekara ashirin suna maƙwabtaka a Azare, bai taɓa jin ladanin ya yi maganar mutuwarsa ba.

"Haba Malam, wace irin magana ce wannan?"

"Ka ji ni dai."

Ai kuwa Mamman ya san dalili. Shekara uku da suka wuce Alhaji Abdulrashid, mai neman kujerar majalisa, ya zo masallacinsu sallar Azahar. Ya tsaya sahun gaba, ya daɗe a sujada, ya ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe. Ya ba masallaci sabuwar lasifika, ya dafa Alƙur'ani ya ce unguwar nan ta gama shan ruwan kududdufi. Malam Zarami, wanda ko a cinikin akuya ba ya yarda ya zama shaida, ya karɓi lasifikar ya ce, "Jama'a, na shaide shi, mai tsoron Allah ne." Saboda bakin Malam unguwa ta zaɓi Alhaji Abdulrashid kaf, ya zama Onarabul.

Ruwa dai shiru. Sau biyu Malam yana zuwa gidan Onarabul, masu gadi suna cewa yana lazimi. Da damina amai da gudawa ya ɗauke yara huɗu, har da Husaina, 'yar autan Mamman.

"Shaidar zur na yi, Mamman, a ɗakin Allah," Malam ya ce. "Shi ya cuce ni, ni na cuce ku. Ka bi gida-gida ka roƙa mini gafara. Da kai zan fara."

Gaskiya Mamman ya riƙe Malam a zuci, tun ranar da suka binne Husaina. Ya dubi ƙafafun dattijon da suka kumbura.

"Na yafe, Malam. Duniya da lahira."

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, rai ya yi halinsa. Wani ya nufi masallaci zai kunna lasifika, Mamman ya riƙe masa hannu. Ya saka silifas ya shiga lungu, yana sallama ƙofa-ƙofa.

"Malam Zarami ya rasu. Jana'iza bayan Azahar. Ya ce ku yafe masa."

A wani gida rediyo na kunne, Onarabul yana jawo aya a kan riƙon amana. Matar gidan ta miƙa hannu ta kashe.

Da Azahar ta yi, Mamman ya hau dakalin masallaci ya kira salla da baki. Muryarsa ba ta wuce gida uku ba, amma sahu ya cika har bakin kwata. Can saman kwano, kurciya na zaune a bakin lasifikar.