Ranar da Injiniya Ya Tura Malamai Duka Katabu

A shekarar 1996 aka kawo kwamfuta ofishin da ke kula da malaman firamare, aka ware mata ɗaki mai labule da iyakwandishan, aka naɗa Datti shugaban ɗakin. Abin da ya jawo masa kujerar bai wuce wani kwas na mako uku da ya yi a Legas ba. Daga can ya dawo da satifiket mai bakin zinare da sabon suna, Injiniya. Duk wanda ya ce masa Malam Datti, sai ya yi kunnen uwar shegu.

A takarda Zuwaira mataimakiyarsa ce. A aikace kuwa ita ta shafe wata bakwai tana shigar da malamai dubu biyu da ɗari uku cikin rumbun bayanai, kowa da lambarsa da makarantarsa. Littafin SQL da ya zo cikin kwalin injin, wato harshen da ake ba rumbun umarni da shi, ta karance shi har bangonsa ya fita. Datti sau ɗaya ya taɓa ɗaukarsa, ranar da kyankyaso ya fito daga bayan kabad. In ya zauna yana tsattsagar maɓallai da yatsa biyu kamar kaza ta sami tsaba, Zuwaira takan yi masa kallon hadarin kaji ta ci gaba da aikinta.

Wata Laraba ta ɗauki hutun kwana uku, ƙanwarta ta haihu a Kurmin Mashi. Aiki ɗaya ya rage a tebur, na mayar da wata Malama Saratu wata firamare a Katabu.

"Injiniya, ka ajiye mini wannan sai na dawo."

"Ke kika je Legas ko ni?" in ji shi. "Layi uku ne fa. Je ki ci sunanki."

Ran Litinin tana saukowa daga bas ta tarar da ƙofar ofis cike da malamai, kowa riƙe da wasiƙa yana kumfar baki. A kan benci wani dattijo na zaune yana fifita da hularsa. Malam Shu'aibu ne, hedimastan makarantar Katabu.

"Malama, aji shida gare ni," ya ce mata. "Tun Juma'a malamai ke sauka a kaina kamar fari. Yau da safe na ƙirga tamanin da ɗaya, har da wanda ya koyar da ni a aji uku."

A ɗakin kwamfuta ta sami Darakta, Alhaji Isma'ila, tsaye, Datti na gefe yana zuba bayani.

"Ƙwayar cuta ce, ranka ya daɗe. An yi mana darasinta. Takan shiga injin in ya ɗauki zafi."

Zuwaira ta gaida Darakta, ta ja kujera. Ta fara tambayar rumbun malamai nawa ke Katabu. Dubu biyu da ɗari uku. Sauran makarantu fa? Babu ko ɗaya. To, ciwo dai an gan shi. Sai ta buɗe fayil ɗin da Datti ya adana umarninsa, don yakan adana komai ya nuna wa baƙi.

Layi uku ne kamar yadda ya faɗa. Na farko ya ce a gyara jerin malamai. Na biyu ya ce a mayar da makaranta Katabu. Na uku, mai farawa da WHERE, shi ne ya keɓe Saratu ita kaɗai. Amma a ƙarshen layi na biyu ga waƙafi mai ruwa zaune daram.

"Ranka ya daɗe, ga ƙwayar cutar," ta ce, ta ɗora farce a kan gilashin kwamfutar. "Da injin ya ga wannan alama, magana ta ƙare a wurinsa, sai aiki. An ce masa ya kai malamai Katabu, ba a kai ga gaya masa wane ba, shi kuwa ya kwashe su duka. Injiniya, bai rubuto maka cewa ya canza bayanai dubu biyu da ɗari uku ba?"

Datti ya gyara zaman hularsa. "Na ɗauka yawan malamanmu yake tuna mini."

"Da ya ƙi karɓar layi na uku fa?"

"Lokacin tashi ya yi."

Ashe a ranar Datti ya dai adana aikin, ya kunna shirin da ke buga wa duk wanda aka canza wa makaranta wasiƙa, ya kama hanyar gida. Washegari aka doka hatimi aka raba. Allah ya taimaka ribon ɗin tawada na firinta ya ƙare a wasiƙa ta ɗari uku da sha huɗu. Zuwaira ta raya a ranta cewa a duk ɗakin nan, ranar, ribon ne kaɗai ya yi aiki da hankali.

Ta ɗauko kaset ɗin ajiya da ta kwafe rumbun a kai kafin ta tafi hutu daga aljihun tebur, ta zuba tsohon jerin a gefe, ta rubuta umarnin da zai bi lamba lamba ya mayar da kowa makarantarsa. Kafin ta sake shi sai da ta gwada a kan mutum biyar. Azahar ba ta yi ba kowa ya koma inda yake, Saratu ta tafi Katabu, wasiƙun janyewa suka fara fita.

Rahoton da Darakta ya aika sama cewa ya yi ƙwayar cuta ce, kuma sashen Injiniya Datti ya murƙushe ta cikin gaggawa. Uban Datti abokinsa ne tun makarantar midil. Zuwaira ce ma aka ba ta buga rahoton. Ta buga, ta gyara masa kurakuran rubutu uku, sannan ta koma kan kwamfuta ta janye wa Datti izinin canza ko da harafi ɗaya, ta bar masa na kallo.

Da za ta fita ta tarar Malam Shu'aibu bai tafi ba.

"Malama, tunda abin ya zo da haka, ko za a bar mini huɗu? Shekara shida ina rubuto takardar neman ƙarin malamai."

"Haba Malam, an ba ka dubu biyu ka ce sun yi yawa."

Ya yi dariya har da tari. Ta kai shi wurin Darakta, wanda ya ƙagu kowa ya watse daga ƙofarsa. Nan take Darakta ya sa hannu a kan malamai biyu.