Wankin da Baba Ya Yi wa Keken Surukinsa

Shekara da shekaru Baba yana wankin mota a bakin titi, har bayansa ya ce ya gaji. Aka rufe wurin, ma'aikatansa suka watse, ga shi matarsa ta rasu. Sai Auta, 'yarsa, ta kafe a kan lallai ya dawo wurinta. Gidan suruki fa! Baba ya shigo da akwati ɗaya da tsohon injin feshin ruwansa, kansa a ƙasa. Ɗakin da aka ba shi ya fi nasa na da, abinci ba ya latti, amma duk lomar da ya kai baki sai ya ji kamar sadaka ce. So yake ko sau ɗaya a ce yana da amfani a gidan nan.

Mijin Auta likitan dabbobi ne, kowa Likita yake ce masa. Aikinsa a kan duwatsu yake, wurin makiyaya, inda mota ba ta hawa. Shi ya sa ya sayi keke mai lantarki, mai ƙattin tayoyi, injinsa a ƙasa tsakanin feda biyu. Da damina keken yakan dawo kamar an tsamo shi daga kududdufi. Likita ya bari taɓon ya sha iska, ya kakkaɓe, ya bi da tsumma, shi ke nan. Wannan wanki na ganin dama yana sosa wa Baba rai matuƙa.

Ranar da Likita da Auta suka tafi dubiya asibiti, Baba ya naɗe hannun riga ya jawo keken tsakar gida. Yana durƙusawa ya ga wata baƙar roba, yankin tsohuwar taya, an ɗaure ta da waya a ƙarƙashin injin. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe kuma an damɓara wani baƙin maiƙo mai danƙo.

"Kai, yaran yanzu!" in ji Baba. "Abu mai tsada haka, a ɗaura masa tarkacen bola?"

Ya sa wuƙa ya tsinke wayar, ya wurga robar kwandon shara. Ya kawo fetur da burushi ya dirje maiƙon tas. Sannan ya tayar da injinsa. Wayyo, daɗin da ya ji da tiyon ya motsa a hannunsa! Ya bi keken yadda yake bin ƙarƙashin manyan motoci a da, lungu-lungu, saƙo-saƙo, bakin feshin dab da ƙarfe. Wurin injin ya fi daɗewa, don nan ne dattin ya fi yawa. Da ya gama keken sai walƙiya yake. Baba ya sake riga, ya ɗauko kujera ya zauna kusa da shi, wai shan iska yake.

Likita yana shigowa ya ja ya tsaya. Idonsa ya sauka kan injin, ya koma kan kwandon shara, ya dawo. Sannan ya rusuna.

"Sannunku da aiki, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Haba, ba komai," in ji Baba, yana jin kansa ya yi girma. Ranar har ƙarin abinci ya nema.

Da safe aka kira Likita a waya, saniyar wani makiyayi ta kasa haihuwa. Ya rataya jakarsa ya danna maɓallin keken. 'Yar fitilar ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Ya sake dannawa, shiru. Da ya karkata keken, sai ga ruwa yana ɗiga daga cikin injin, ɗis, ɗis, a kan siminti. Baba yana baranda da kofin shayi a hannu.

Auta ta fito daga kicin. "Me ya same shi?"

"Ni na shiga rafi da shi shekaranjiya," in ji Likita, bai ɗago ba. "Ruwan ya yi zurfi."

"Kai ɗin? Kai da kake lallaɓa shi kamar jariri? Ba kai ka ce robar nan ke tare masa taɓo da duwatsu ba, baƙin giris ɗin nan kuma ke hana ruwa shiga? Ranar da na ɗauko bokiti zan watsa masa, ba har faɗa ka yi mini ba? Ka ce ruwa mai ƙarfi…"

Ta kai ido ƙarƙashin injin, ta ga wayam. Ta dubi tiyon da ke naɗe a gindin bango. Ta juya kicin da sauri kamar wani abu na ƙonewa.

Kunya ta rufe Baba, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake. Zufa ta karyo masa da sanyin safiya. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige. Ya ƙura wa kofin shayinsa ido.

"Baba, shayinku zai huce," in ji Likita. Ya gyara jakarsa ya fita neman mai babur.

Ko da ya isa, ɗan maraƙin ya riga ya mutu a ciki. Wannan ma ba a gaya wa Baba ba, ta taga ya tsinta.

Da yamma ya tare surukin nasa a bakin ƙofa. "Likita, batun keken nan…"

"Ai ya wuce, Baba. Dama robobin cikinsa sun tsufa, ko yau ko gobe ne."

Kullum ya ɗauko zancen, amsar ke nan. Da ma yaron ya ɗaure fuska, da ma ya yi tsaki ko sau ɗaya, da Baba ya samu inda zai ajiye haƙurin da yake ɗauke da shi. Ina! Sai ladabi, sai "kun tashi lafiya", sai ƙarin nama a kwanonsa.

Keken ya daɗe wurin mai gyara, ya dawo da sabuwar roba da sabon giris. Amma wani abu ya ɗaure wa Baba kai: ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, keken kuwa kullum tsaf yake shigowa gida.

Wata yamma ya ji motsi a waje, ya leƙa ta tsagar ƙofar gida. Ga Likita can tsugune a bayan katangar maƙwabta, yayyafi na dukan bayansa. Tsinke ne a hannunsa yana zaƙulo taɓo daga gindin injin, yana bi da tsumma, jifa-jifa yana waiwayen ƙofa. Babban mutum, mai gida, yana ɓuya a titi yana goge kekensa don kada tsoho ya ga datti.

Baba ya saki sakatar a hankali, ya koma kujerarsa da sanɗa.

Can Likita ya turo keken ciki. "Barkanku da yamma, Baba."

"Barka kadai. Hanya ta bushe ke nan?"

"Ta bushe, Baba."

Wandon Likita taɓo ne har gwiwa. Baba ya ce madalla, ya sunkuyar da kai.